Maigidan zango ya fi jakada amfani

Harshen da ofisoshin gwamnatin Nijar ke aiki da shi yana da suna biyu ga mutumin da ya bar ƙasar haihuwarsa ya tafi neman abinci a ƙasar wasu. Idan Bafaranshe ne, ko Ba'amurke, ko ɗan ƙasar Sin da ya zo aikin man fetur, sai a kira shi «expatrié». Tun kafin jirginsa ya sauka a filin Diori Hamani na Yamai an riga an kama masa gida a unguwar Filato, an share, an sa mai gadi a ƙofa, an ajiye injin wuta saboda ɗaukewar lantarki, takardar aikinsa kuwa tana cikin jaka da hatimi a kanta. Idan kuwa saurayi ne daga Dogo, wanda ya gama ɗaure dammunan mahaifinsa ya hau mota zuwa Kano, Ikko, Abijan ko Sabha, sai sunansa ya koma «exodant», kalmar da manyan ma'aikata ke furtawa kamar sunan wata annoba. Alhali abu ɗaya ya fito da su duka biyun, wato sayar da ƙarfi ko ilimi a inda ya fi tsada. Na farko ana ce masa sannu da zuwa. Na biyu kuwa taron ƙara wa juna sani ake shirya masa a otel, don a gano yadda za a «yaƙe» shi.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan, tun daga Taron Ƙasa na 1991, kowace gwamnati, ta farar hula ko ta soja, tana da jawabinta a kan cin rani, kuma jawabin bai taɓa sauya riga ba: matasa su zauna gida su gina ƙasa. Su gina ta da me? Wanda ya san Dogo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Gari ne na manoma a gundumar Mirya, kudu da birnin Damagaram a kan hanyar Magarya, inda damina ke yin wata uku ko huɗu, sauran watannin kuwa sai mai rabon fadama a kwarin Korama ke da abin taɓawa. Fadamar ba ta ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 3 da rabi a jihar Damagaram, wadda ta fi kowace jiha yawan jama'a, kuma gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ne ke raba ta da igiya. Gyaɗar da ta riƙe Magarya da Matamaye a zamanin kamfanin SONARA ta durƙushe tun farin 1973 da 1974, ba a kuwa kafa wani abu a gurbinta ba. Saurayin da ya tafi bayan girbi yana rage baki ɗaya ne a kan rumbun da ba zai kai bazara ba, yana kuma neman kuɗin taki, na haraji da na sadaki. Wannan lissafin mai hankali ne. Tun zamanin aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946, mutanen wannan yanki suke ƙetare iyaka zuwa Daura, Kazaure da Kano, kuma ba su taɓa jiran iznin kumandan ba.

Tambayar da ba a saba ji a bakin minista ba ita ce wannan: idan motar ta tsaya a tasha da tsakar dare, a garin da yaron bai taɓa gani ba, ina yake kwana? Wa ke ba shi tuwon farko? Wa ke tsaya masa har wani ya amince ya danƙa masa aiki?

Damagaram ta fi kowa sanin amsar, domin wani babban sashe na birninta da ita aka gina shi. Unguwar Zango, can wajen ganuwar Birni, masaukin baƙi ce tun lokacin da ayarin Turabulus da na Agadas ke sauke kaya a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, kuma a cikinta attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna. Abin da biranen Hausa suka saba yi wa baƙinsu shi ne fatake suka ɗauka suka kai kurmi: Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, Agege da Idi-Araba a Ikko, zangon Kumasi, Nima da Sabon Zango a Akra, zangon Kwatano da na Lome, Treichville da Adjame a Abijan. A kowane ɗaya akwai maigida. Wani masani Bature, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari a 1969, ana karanta shi a jami'o'in duniya. A ma'aikatar harkokin wajen Nijar kuwa, wadda ke ɗauke da sunan «ƴan Nijar mazauna ƙetare» a kan allonta, da wuya a samu jerin sunayen waɗannan masu gida a cikin wata durowa.

Ga yadda abin ke gudana. Yaro ya sauka da sunan wani a bakinsa: ɗan uwa, ɗan garinsu, ko tsohon almajirin malamin unguwarsu. A kai shi wurin maigida, a nuna masa tabarma a zaure ko a ɗakin samari, a ba shi abinci, ba mai tambayarsa ko dala. Bayan kwana biyu ko uku sai a dubi ƙarfinsa da wayonsa. Wani a ba shi kura da jarkoki ya shiga ga-ruwa, wani baro a kasuwa, wani akwatin gyaran takalmi ko almakashin yankan farce, wani ya tsaya bayan teburin mai shayi ko tukubar mai tsire har ya koyi hannu, wani a kai shi gadi gidan wani attajiri da bai yarda da kowa ba sai «Bahaushe». Mai sa'a a ba shi babur na haya, ya riƙa kawo kuɗin yini kowace yamma. Kayan aikin ko dai na maigida ne, ko shi ya tsaya lamuni aka bayar. Abin da yaron ya samu wurin maigida yake kai shi ajiya, tunda banki ba ya buɗe wa marar takarda asusu. In ya kwanta ciwo maigida ke kai shi asibiti, in ƴan sanda suka kama shi maigida ke zuwa beli, in ta Allah ta kasance maigida ke sayen likkafani ya aika gida da labari. Ofishin jakadanci nawa ne zai bugi ƙirji ya ce yana yi wa talaka marar uba a gwamnati ko rabin wannan?

Wanda bai taɓa neman ɗakin haya a biranen bakin teku ba, ba zai san nauyin waccan tabarma ba. A Gana dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma a Akra kuɗin shekara ɗaya ko biyu ake nema kafin a miƙa makulli, kuma kowa ya sani. Jihar Ikko ta yi tata dokar a 2011, ta ce kada a karɓi fiye da na shekara guda daga sabon ɗan haya, sai ga dillali da lauya sun ɗora nasu kason a kai. Kodebuwa ta ƙayyade a 2018 cewa kuɗin haya na wata biyu da na ajiya na wata biyu sun isa, wato kuɗin wata huɗu a dunƙule, ban da ladan dillali, daga hannun mutumin da akuya ya sayar ya yi kuɗin mota. Waɗannan dokoki ɗan ƙasa ma da ƙyar yake cin moriyarsu, balle baƙon da ke tsoron ƙofar alƙali fiye da yadda yake tsoron mai gidan haya. Shi ya sa ake samun samari takwas ko goma a ɗaki ɗaya, masu gadin dare suna kwanciya da rana a shimfiɗar masu turin baro. Wasu suna kangon ginin da ba a gama ba, inda makwancin kansa shi ne ladan gadi. Wasu suna barandar masallaci.

A Libiya salon ya bambanta, kuma ya fi tsanani, domin can zango irin na kurmi ba shi da ƙarfi. A Sabha ko Turabulus ma'aikaci kan kwana a gonar da yake yi wa aiki ko a ginin da yake ɗaukar wa bulo. Wanda bai samu aiki ba kuwa da sassafe yake tsayawa bakin shatale-tale, da shebur ko guduma a gabansa don a gane sana'arsa, yana jiran motar da za ta tsaya. In mai aikin ya danne masa ladan wata uku ba shi da inda zai kai ƙara, kuma ranar da aka sallame shi daga aiki ita ce ranar da ya rasa wurin kwana. Ba ƴan tsiraru ake magana a kansu ba: a ƙidayar hukumar OIM ta 2023, cikin baƙi wajen 700,000 da ke Libiya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ƴan Nijar ne.

Kada mai karatu ya ɗauka zango aljanna ce. Maigida ɗan kasuwa ne, yana cin ribar gumin yaransa, kuma ajiyar da ba rubutu takan bi shi kabari ko ta narke ranar da ya karye. Akwai kuma waɗanda suka ari rigar maigida suka zubar da mutuncin yankin nan gaba ɗaya, masu kwasar mata da ƙananan yara daga Kance da Magarya zuwa bara a titunan Aljeriya, har da hayar ƴaƴan mutane. Su ma masauki suke bayarwa, su ma «aiki» suke samarwa. Masu dawowa kansu ba su kuɓuta daga laifi ba. A da rediyo da agogon hannu ake shigowa gari da su gab da damina, yau shadda da wayar hannu ne, amma shirun ɗaya ne: ba mai faɗa wa ƙanensa cewa wata shida ya yi yana kwana a kan kwali. Tun a 1958 Oumarou Ganda, ɗan Nijar da ya yi dako a Abijan, ya nuna wa duniya wannan rayuwa a fim ɗin Jean Rouch mai suna «Moi, un noir». Fim ɗin ya ci kyauta a Faransa. A ƙauyukan da samarin ke fitowa kuwa shaddar mai dawowa ta fi shi masu kallo.

Duk waɗannan aibobi hujja ce a kan gwamnati, domin su ne ke nuna inda ake bukatar ta. Ƙarfin maigida yana ƙarewa a inda takarda ta fara. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice daga Gana, zangunan da aka shekara saba'in ana ginawa suka watse cikin kwanaki. A 1977 aka rushe zangon Lome aka tura mutanensa bayan gari. Ranar 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari, mutumin Sakkwato mai jin Hausa kamar kowa a Dogo, ta yi wa baƙi irin wa'adin Busia, kuma harshe ɗaya da addini ɗaya ba su ceci ɗan Damagaram a Ikko ba. A 1985 gwamnatin Buhari ta maimaita. A 1990 Kodebuwa ta ƙirƙiro katin zaman baƙi, wanda ya zama hanyar tatsar talakawa a kowane shingen ƴan sanda har zuwa 2007 da aka ɗauke wa ƴan Afirka ta Yamma shi. A 2013 Gana ta sake jaddada a doka cewa ƙaramar kasuwa, talla da aski na ƴan ƙasa ne kaɗai. A 2020, sannan a 2022, Ikko ta hana haya da babur a manyan unguwanninta, aka kwashe babura aka murƙushe, da yawansu ba a ma gama biyan kuɗinsu ba. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta tambayar farko ita ce: ina takardarka? Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 64 cikin ɗari ne kawai na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar aka rubuta haihuwarsu, kuma karkara ta fi birni baya. Waɗannan yara su ne samarin da ke hawa mota yanzu. Ƙasar da ba ta rubuta sunansu ranar suna ba ita ce ke musu wa'azin kishin ƙasa ranar tafiya.

To, yaushe ake ganin hukuma? Ana ganinta ranar kwaso mutane. A 2011, da yaƙin Libiya ya ɓarke, fiye da mutum 200,000 suka dawo bisa ƙiyasin gwamnati, mafi yawansu hannu rabbana, ajiyar shekaru ta bi iska. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu mutanen Kance ne, maƙwabtan Dogo. Aka yi zaman makoki na kwana uku, aka sassauto tuta. A Disamba 2014 aka fara jigilar dawo da mutane daga Aljeriya bisa yarjejeniyar gwamnatocin biyu, ƙofar da aka buɗe ke nan wadda ta zama ta korar jama'a ba ji ba gani: ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000, ƴan Nijar da ƴan wasu ƙasashe, da aka koro zuwa Asamaka a 2024 kaɗai, wasunsu an sauke su a rairayi kilomita 15 daga garin su ƙarasa da ƙafa. A watan Maris 2022, da wani gidan talabijin na Dakar ya nuna mabaratan Nijar a titi, kunya ta kama Yamai, cikin kwanaki aka samo jirgin sama aka kwaso wajen mutum 1,000. Ashe akwai kuɗi. Ashe ana iya yin sauri. Sai dai kuɗin da saurin ba sa fitowa don a sama wa mutum takarda kafin ya tafi, sai don a ɓoye shi bayan ya ba da kunya. Wannan shi ne ihu bayan hari, kuma an mai da shi manufar ƙasa.

Sau ɗaya aka yi wa hanyar cin rani babbar doka, ita ma ba don ƴan cin rani aka yi ta ba. Dokar 2015-36 ta ranar 26 ga Mayu 2015 bukatar Turai ta biya, wadda ke son a tare baƙi a Agadas kafin su kai teku. Ɗan Dogo ba Italiya ya nufa ba, Sabha ya nufa ya yi birkila ya dawo kafin shuka. Amma da aka kama direbobi aka ƙwace motoci, kuɗin mota ya tashi, hanya ta kauce wa rijiyoyi, shi ma ya biya da aljihunsa, wani lokaci da ransa. An soke dokar a Nuwamba 2023, kuma an yi daidai. Sai dai buɗe hanya ba ya sama wa kowa ɗaki ko lada a ƙarshenta. A Nuwamba 2021 Nijar da Libiya sun sa hannu a kan takardar fahimtar juna game da ma'aikata; ya kamata a fito a gaya wa jama'a ma'aikaci nawa ya ƙetare iyaka da kwangila a hannu albarkacinta.

A watan Maris 2025 hukumomi suka kori manyan jami'ai uku ƴan Sin daga kamfanonin mai, ciki har da na matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, saboda tazarar da ke tsakanin albashin baƙi da na ƴan ƙasa. Wannan ya nuna gwamnati ta iya karanta takardar albashi in ta ga dama. Idon da ya ga albashin injiniya a matata, me zai hana shi ganin ladan birkila a Sabha?

Sai kuma maganar CEDEAO. Yarjejeniyar Dakar ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 ba biza, ƙarin da aka yi mata a 1986 kuma ya ba shi haƙƙin zama ya nemi aiki. Sau da yawa an taka wannan takarda, kuma ƙungiyar da kanta ta taka ta a 2023 da ta rufe iyakokin Nijar ta bar talakawa suna bin daji har zuwa farkon 2024. Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. Kowa na da ra'ayinsa a kan ficewar, ba ita ce abin muhawara a nan ba. Abin lura shi ne a ranar CEDEAO ta ce za ta ci gaba da amincewa da takardun ƴan Nijar da zirga-zirgarsu «har sai an ji sabon bayani». Wato abin da yake haƙƙi ya koma alfarma, mai alfarma kuwa yana iya janye ta ranar da ya tashi da fushi. Wanda ya tuna 1969 da 1983 ya san abin da hakan ke nufi ga mai shayin Agege da mai baron Kumasi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarjejeniya ƙasa da ƙasa da Najeriya, Gana, Kodebuwa, Togo da Binin a kan zama da aikin talakawa ta fi gaggawa a kan launin sabon fasfo.

Ƴan siyasa ba su da bakin zargin sojoji a nan. Damagaram ta ba da shugaban ƙasa, Mahamane Ousmane, daga 1993 zuwa 1996, kuma a lokacinsa aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994. Ba a ji an kafa wa ɗan cin rani komai ba, haka ma waɗanda suka biyo baya. Abin da jam'iyyu suka sani game da ƙetare shi ne gidajen manyan alhazai na Abijan, Kwatano da Ikko, inda ake zuwa karɓar gudummawar yaƙin neman zaɓe. An ware wa mazauna ƙetare kujeru 5 a majalisar dokoki tun zaɓen 2016. A zaɓen 2020 aka bar kujerun babu kowa, ba a cike su ba sai a watan Yuni 2023, wata ɗaya kafin juyin mulkin 26 ga Yuli ya rufe majalisar. Iyakar darajar da aka ba su ke nan. Amma kuɗin da suke aikowa ta Nita da Al Izza, wanda ke sayen buhun hatsi a Dogo lokacin da rumbu ya ƙare, ba a taɓa jin wani ya ce a «yaƙe» shi ba.

Abin da ake nema bai kai kuɗin hayar jirgin Dakar ba. Ƙananan ofisoshin jakadanci na Kano, Sabha, Tamanraset da Jidda, da manyan na Abijan, Akra da Abuja, su san masu gidan zango da sunayensu, su riƙa tura ma'aikaci cikin zangon da katin shaida a farashin da mai baro zai iya biya, maimakon jiran mai baro ya rufe sana'arsa ya zo ya tsaya layi a unguwar da mai gadi ma zai kore shi. A samu lauya ɗaya a kowane ofishi wanda aikinsa shi ne bin ladan da aka danne. Maigidan da aka sani da amana a ba shi takardar amincewa, wanda ke hayar yara a kai shi gaban alƙali a Damagaram, shi da uban da ya karɓi kuɗin. A gida kuwa aikin na magajin gari ne, da sarkin gari, da alƙalin Mirya: zaman kotu na tafi-da-gidanka a kasuwa, inda duk saurayin da ba shi da takardar haihuwa zai samu hukuncin da ke maye gurbinta, daga nan ya yanki katin ɗan ƙasa. Doka ta riga ta tanadi wannan, an kuma sha yin irinsa duk lokacin da zaɓe ya gabato ana neman masu ƙuri'a. Motocin Kano da na Agadas suna fara lodi ne da zarar an gama yankan gero a watan Oktoba, don haka zaman kotun a watan Satumba ya kamata a yi shi.